Rabin Kofi a Teburin Ɗanasabe

"Na ce ka cika shi."

"Zai zube, Baba."

"Jiya da ka zuba rabi, bai zube ba? Ga rowa, ga ɓarna. Cika shi."

Mannir bai cika ba. Ya tsaya da kwanon kwaɓin kek a hannun hagu, cokali a dama, kai a sunkuye kamar yadda ɗa ke yi in uba na faɗa. Amma hannun bai motsa ba. Kofin tangaran na kan teburi a tsakaninsu, kwaɓin ya tsaya a rabinsa.

An sauko daga sallar asuba ke nan. Ranar kasuwa ce, ga kaka ta yi, manyan motoci sun jeru a bakin kasuwar hatsi ta Funtuwa suna jiran lodin masara. Jim kaɗan benci zai cika da direbobi da 'yan dako. Malam Ɗanasabe mai shayi ya san haka, shi ya sa yake so a kashe maganar tun kunnuwa ba su yi yawa ba.

A layin nan ba mai kiransa Ɗanasabe kawai. Ɗanasabe Har-Baki ake cewa. Tun Mannir bai zo duniya ba yake kan teburin nan, kuma bai taɓa miƙa wa mutum kofi ba sai ya cika taf, sai mai sha ya sunkuya ya kurɓa kafin ya iya ɗagawa. Sukari ya yi tsada, madara ta yi tsada, masu shayi suka koma ƙananan kofuna, wasu suka riƙa tsayawa a wuyan kofi. Shi bai sauya ba. Direba zai taso daga kudu, ya wuce tebura ba adadi da yunwarsa, ya ce sai ya iso wajen Har-Baki. Da wannan suna Mannir ya tashi. Ko a makaranta, in aka tambaye shi ɗan wane ne, da shi yake amsawa, kuma ba ya sunkuyar da kai in zai faɗa.

Sai dai a teburin shi ba kowa ba ne. Tunda ya gama sakandare, wankin kofi ne nasa, da yanka burodi, da suyar ƙwai. Butar shayi ko taɓawa ba ya yi. Baba ke haɗawa, Baba ke sheƙawa, Baba ke miƙawa. Abu ɗaya ne nasa a wurin: maikirowef, farin akwatin nan mai ƙofar gilashi da masu hali ke ɗumama abinci a ciki. Masarar gayaunarsa ya sayar ya saye shi a wajen 'yan gwanjo. Enoch, mai shagon lemon sanyi na gefensu, ya bar shi ya jawo waya daga janaretansa. Matar Enoch, Rahab, ita ta koya masa kwaɓin: fulawa, ƙwai, sukari, madara, ɗan mai, sai bakin hoda mai sa shi ya tashi. Abin da Mannir ya hango shi ne mutum ya sha shayi da kek mai zafi, wanda aka gasa masa a cikin kofi yana kallo, tun shayin bai huce ba.

Direbobi suka sa wa akwatin suna talabijin, don in an kunna fitila na kamawa a ciki, kofi na juyawa, kowa ya zuba ido. Rahab ta ce masa kada ya wuce rabin kofi, ya kuma kiyaye. Duk da haka, wani lokaci kek ya fito sumul, wani lokaci ya yunƙuro ya malalo ta gefe. Jiya ya malalo.

"Mutane na kallo," in ji Ɗanasabe, yana gyara garwashi a ƙarƙashin buta. "Ba a ɗaki kake zubawa ba. A kan teburina, a gaban jama'a, ka zuba rabi ka tsaya. Ido ba ya jira sai abu ya tashi. Gobe a ce Har-Baki ya fara rage hannu, ya turo ɗansa gaba don kunya."

"Wuri yake so, Baba. In ya ji wuta, tashi yake yi."

"Yau ce ta ƙarshe. Ko a cika kofi ya fito lafiya, ko ka naɗe wayarka, ka kai akwatin gida uwarka ta riƙa ajiye kwanuka a ciki."

Akwai abin da Baba bai sani ba. Alhaji Mati, direban tirela, tsohon mai shan shayi a teburin, ya ce masa yana neman yaron mota. Mannir ya ce a ba shi zuwa yau. In akwatin ya bar teburin, shi ma ya bar shi ke nan, ba zai tsufa a kan bokitin wanke-wanke ba. Motar kuwa da an gama lodi za ta kama hanya.

Ba a jima ba sai ga Alhaji Mati da kansa, da tawul a wuya, 'yan dako na biye da shi. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali, ya zauna a inda ya saba, benci ya yi ƙara.

"Mannir, kunna mana talabijin," in ji shi. "Jiya ambaliya aka nuna. Yau wane shiri ne?"

Aka yi dariya. Mannir ya ɗauki kofin zai sa a ciki. Ɗanasabe ya miƙo hannu.

"Kawo."

Ya karɓi kwanon. Bai taɓa riƙe shi ba sai yau. Ya ƙara kwaɓi a kan rabin nan har ya zo daidai da bakin kofi, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, sannan ya miƙa wa Mannir.

"Haka ake zubi a nan. Sa shi."

Mannir ya sa, ya rufe, ya murɗa. Fitila ta kama, kofi ya fara juyawa. Da farko ba abin da ya faru, har Ɗanasabe ya kalli benci da gefen ido. Sai saman kwaɓin ya kumbura, ya yi tozo, tozon ya karkata. Ya gangaro ta hannun kofi, ya gangaro ta ɗaya gefen, ya bazu a kan farantin gilashin da ke juyawa, yana tafasa yana ƙara fitowa kamar ana turo shi daga ƙasa. Kafin Mannir ya kashe, kofin ya ɓace a cikin abin da ya fito daga cikinsa.

Benci ya kwashe da dariya. Wani ɗan dako, matashi mai faɗin baki, ya ce, "Malam, wannan ai ya wuce baki, ya kai gemu."

Na kusa da shi ya ce, "Yau kuma Har-Ƙasa aka yi."

Wannan ta fi ta farko shiga. Aka maimaita ta daga wannan bakin benci zuwa wancan. Mannir ya san layin nan, suna in ya yi daɗin faɗa ba ya fita. Ya ji abin a ƙirjinsa fiye da yadda ya ji na jiya. Jiya shi aka yi wa dariya, kuma shi ba shi da sunan da zai ɓaci.

Ɗanasabe bai kalli kowa ba. Ya goge hannu da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Cire wayar," ya ce.

"Bari in goge cikin tukun, Baba. In ya bushe ba ya fita."

Ya durƙusa a gefen teburi da soso da ruwan ɗumi, ya zura hannu cikin akwatin. Alhaji Mati ya daina dariya tun kafin sauran su daina. Ya dubi Mannir, ya ɗan ɗaga gira wajen da motarsa take. Mannir ya kau da kai.

"Har-Baki," in ji Alhaji Mati da ƙarfi, yana jan sunan don 'yan dako su ji, "a ba ni nawa. Mu da muka san abin da ya kawo mu."

Alhaji Mati na da kofinsa na kansa a teburin, babban kofin gilashi mai hannu da ya kawo daga wata tafiya, ba mai sha da shi sai shi. Ɗanasabe ya haɗa shayin a kofin silba, ya sheƙa shi daga wannan zuwa wancan, hannu na nisa da hannu, ko ɗigo bai faɗi ba. Sannan ya ajiye kofin gilashin a bakin teburi, ya ɗaga hannu sama ya saki.

Kofin na daidai da idon Mannir. Kullum daga baya yake, a tsaye, kansa a bokiti. Bai taɓa ganin zubin nan daga gefe ba. Shayin ya hau, ya hau, ya kai kamar yatsa biyu kafin baki, sai wuyan hannun Baba ya juya, zubi ya tsaya. Kumfa ce ta ci gaba da hawa ita kaɗai, ta hau a hankali, ta tsaya cak a bakin kofi, ta ɗan yi tudu, ba ta zube ba.

Mannir ya manta da soson da ke hannunsa.

"Baba."

"Ka gama?"

"Baba, kai ma ba ka kaiwa baki. Tsayawa kake yi, ka bar wa kumfa wuri."

Ya faɗe ta a hankali, amma benci ya ji. Ɗanasabe ya juyo gaba ɗaya.

"Ni?"

"Yanzu na gani."

Alhaji Mati ya riga ya sunkuya zai kurɓa, sai ya fasa. Ya janye bakinsa, ya naɗe hannu. "A bar shi ya kwanta mu gani," ya ce.

Aka zuba wa kofin ido. Kumfa ta riƙa fashewa tana sauka, har fuskar shayin ta bayyana. Alhaji Mati ya kanga yatsunsa biyu a jikin gilashin, suka shige tsakanin shayi da baki, ba ragi ba ƙari.

Ɗanasabe ya daɗe yana kallon yatsun nan. Fuskarsa ta yi wani iri, irin wadda Mannir bai san shi da ita ba, har ya yi da-na-sanin buɗe baki.

"Wato kumfa nake cika wa mutane kofi da ita," in ji Ɗanasabe, kamar da kansa yake.

"To da me?" in ji Alhaji Mati. "Kai kana ganin ruwan zafi ne babu a Zariya? Kumfar nan muke wuce tebura mu zo sha. Wasu in sun sheƙa, ko ta zube musu a hannu, ko ta tsaya a wuya kamar an yi mata tsawa. Taka ce ke sanin inda za ta tsaya. Sake sheƙa min, ka sa na bar shi ya huce."

Ɗanasabe ya sake sheƙawa, ya sake zubawa. Wannan karon shi ma hannunsa yake kallo. Hannun ya tsaya a inda ya tsaya ɗazu, bai nemi izininsa ba. Kumfa ta ƙarasa.

Mannir ya miƙe. Ya ɗauko kwanon kwaɓin, ya riƙe da hannu biyu.

"Shi ma kumfa gare shi, Baba. Tasa a cikin wuta take tasowa, kuma ta fi ta shayi yawa. Ni ban iya hannun ba. Zuba min shi kamar shayi."

Ɗanasabe bai karɓa nan da nan ba. Ya leƙa kwanon, ya ɗaga cokali, ya bar kwaɓin ya zuba yana kallon kaurinsa.

"Me ke sa shi hauka?"

Mannir ya nuna masa gwangwanin bakin hoda.

"Nawa kake sawa?"

"Ƙaramin cokali, in ji Maman Saviour." Haka ake kiran Rahab a layin.

"Ɗebo in gani."

Mannir ya ɗebo. Hodar ta yi tozo a kan cokalin, har tana zubowa. Ɗanasabe ya dubi cokalin, ya dubi ɗansa, gefen bakinsa ya motsa.

"Kai da ke min wa'azin rabi."

"Hannun gida ne, Malam," in ji Alhaji Mati, bakinsa duk kumfa. "Ba daga waje ya ɗauko ba."

Ɗanasabe ya ɗauki wuƙar burodi, ya shafe saman cokalin da bayanta, tozon ya koma gwangwani. Ya sa Mannir ya yi sabon kwaɓi da wannan shafaffen cokalin. Ya duba kofunan tangaran ɗin, ya ture gajerun masu faɗin baki gefe, ya zaɓi dogo mai zurfi. Ya ɗaga kwanon sama kamar buta, ya saki kwaɓi. Mannir bai ce masa ga inda zai tsaya ba. Hannun ya juya da kansa, a rabi, ko ƙasa da rabi da ɗan kaɗan.

Ɗan dakon nan mai faɗin baki ya buɗe baki zai yi magana. Ɗanasabe ya dube shi.

"Ka jira kumfa," ya ce.

Ya ɗora kofin a kan farantin tangaran, ko da wani abu zai ɗiga, ya tura su cikin akwatin. Sannan ya tsaya gaban akwatin, hannu a baya.

"Wutar nan, ba a janye mata itace?"

"Ana ragewa."

"Kai a ina kake sa ta?"

"A ƙarshe. Don ya yi sauri."

"Madara ma in ka sake mata wuta haka, a ƙasa za ka same ta. Mayar da ita tsakiya."

Mannir ya mayar. Ya rufe, ya murɗa. Fitila ta kama.

Ɗanasabe ya sunkuya har hularsa na taɓa gilashin. Haka yake yi wa tukunyar madara, ba ya ƙifta ido. Kwaɓin ya fara hawa a hankali, ba irin yunƙurin ɗazu ba. Ya wuce rabi, ya kai wuya, ya leƙo baki, ya fara tudu.

"Tsaya."

Mannir ya buɗe ƙofar, wuta ta ɗauke. Tudun ya ɗan sauka, kamar mai sauke numfashi.

"Mayar."

Ya rufe. Kek ya sake hawa, amma yanzu jikinsa ya kama, hawan na mai hankali ne. Ya kai baki, ya ɗan ɗara, ya tsaya. Kofi ya yi ta juyawa, shi yana nan inda yake. Da ƙararrawar akwatin ta buga, Mannir ya sa tsumma ya fito da shi, ya soka tsinke a tsakiya, tsinken ya fito a bushe. Farantin ƙasa kuwa fes, ko ɗigo babu.

Ɗanasabe ya karɓa. Ya juya kofin ta kowane gefe, yana neman inda ya ɗiga. Bai samu ba. Ya ɗaga shi daidai idon 'yan benci, ya bi su da shi ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a kan mai faɗin bakin.

"Ina ya tsaya?"

"Har baki, Malam."

"Ban ji ba."

"Har baki."

Ya ajiye shi a gaban Alhaji Mati, kusa da shayinsa. Alhaji Mati ya sa cokali, ya hura, ya ci. Ya ƙara. Bai tsaya ba sai da ya ga gindin kofi.

"Mannir," ya ce, yana lasar cokali, "in nemi wani ke nan?"

"Nemi wani, Alhaji."

Ɗanasabe ya dubi wannan, ya dubi wancan. Bai tambayi wane ne za a nema ba, ko don me. Ya daɗe a bakin tasha, ya san abin da direban tirela ke nema a wajen saurayi. Ya ɗora hannu a kan murfin buta.

Nan da nan aka fara miƙo hannu. Wannan na so, wancan na so, 'yan dako biyu suka ce a yi musu ɗaya su raba. Ɗanasabe ya zuba na biyu, ya zuba na uku. A na huɗu ya miƙa wa Mannir kwanon, ya tsaya a kansa. Mannir ya ɗaga, ya saki, ya tsaya.

"Ka ɗara kaɗan," in ji Baba. "Rage cokali guda."

Ya rage. Na biyar Baba ya kalla, bai ga abin gyara ba. Enoch ya leƙo daga shagonsa jin hayaniya, ya ga layin kofuna, ya koma yana kiran matarsa ta zo ta ga ɗalibinta.

Rana ta ɗaga, an fara lodi, ƙurar buhuna na tashi daga cikin kasuwa. Wani ya ce a ƙara masa shayi. Ɗanasabe ya kai hannu ga buta, sai ya tsaya. Ya ɗauki tsumman da yake kama hannunta da shi, tsumman da ya yi baƙi ya yi santsi don daɗewa, ya ɗora wa Mannir a kafaɗa.

"Daga sama ake saki," ya ce. "Kada ka kalli buta, kalli kofi."

Ya zagayo ta gaban teburi. 'Yan benci suka matsa ba tare da sun san dalili ba. Ya zauna kusa da Alhaji Mati, ya tattara rigarsa a cinya. Mannir bai taɓa ganin ubansa a kan bencin nan ba, ko da zazzaɓi yake yi.

Butar ta fi yadda ya zata nauyi. Ya haɗa, ya sheƙa, kaɗan ya fallatsar masa a yatsa, bai nuna ya ji zafi ba. Ya ɗaga hannu, ya saki, ya tsaya. Kumfa ta hau. Ba ta kai ta Baba kyau ba, amma ta kai baki. Ya miƙa wa mai shi, mutumin ya sunkuya ya kurɓa kafin ya ɗaga. Ɗanasabe na kallon titi, kamar bai gani ba, amma ya gyara zaman hularsa.

Sai ga wata motar hatsi ta tsaya a gefen hanya, ta Dandume, direbanta baƙo ne a layin. Ya sauko yana miƙa, ya yi sallama, aka amsa. Ya dubi saurayin da ke tsaye bayan teburi da tsumma a kafaɗa, ya dubi dattijon da ke zaune a benci kowa na ba shi wuri. Ya dubi akwatin da kofi ke juyawa a ciki.

"An ce min in nemi teburin Har-Baki," ya ce. "A cikinku wane ne shi?"